Haƙorin da Na Fasa wa Ƙanwata

Babanmu malami ne a Ƙofar Kware, kuma har na tsufa ban ga mutumin da ya ɗauki maganar haƙori da zafi kamarsa ba. Ya ce asuwaki sunna ne, bakin da zai karanta Alƙur'ani kuma ba zai kwana da dauɗa a gidansa ba. Kowace safiya in ya sha kunu sai ya zauna a kan buzunsa a ƙofar ɗaki, tsumagiyar tsamiya kwance a cinyarsa, mu kuma mu durƙusa a gabansa. Mu biyu ne kawai muka rayu cikin 'ya'yan da Inna ta haifa, ni da ƙanwata. A lokacin da nake ba da labari ina da shekara goma sha ɗaya, ita tana da bakwai.

Kalma ɗaya yake faɗi: "Yaƙe!" Sai mu yaƙe baki, ya sa farcen babban yatsansa ya kankari haƙoran gaba. In farce ya fito da tsabta, ka tsira. In ya fito da wani abu, ko da ɗan ƙanƙane ne, to ka shiga uku. Ba ya faɗa, ba ya zagi, tashi kawai yake ya kama hannunka ɗaya ya ɗaga, tsumagiya ta yi ta sauka a ƙwauri da gadon baya har sai ya ga jini ya tsattsafo. Akwai ranar da ya tsula mini ita a kan ɓawon gero guda da ya maƙale mini, har na kwana biyu ba na iya kwanciya rigingine. Inna ta shafa mini man shanu tana hawaye, amma ba ta ce masa komai ba.

Yaro kuwa ba wawa ba ne. Tun da wuri muka gane cewa Baba haƙoran gaba kaɗai yake dubawa, bai taɓa cewa a buɗe baki ya leƙa ciki ba. Saboda haka muka mai da ƙarfinmu can. Huɗu na sama da huɗu na ƙasa mukan dirje su da gawayi da gishiri, mu bi da asuwaki har dasashi ya yi ja. Na can ciki kuwa, Allah ya ba su sa'a. Baba har yabon mu yake a gaban abokansa malamai, wai a duk unguwar babu yara masu farin baki kamar nasa.

Shekaru kaɗan ke nan da Nasara suka ci garin. Baba ya tsani duk abin da ya fito daga hannunsu, ko sabulunsu ba ya yarda ya shigo masa gida. Sai ga shi ƙanen Inna, kawunmu, ya sami aikin ɗiban ruwa da wanke-wanke a madafar wani Bature a bariki. Duk Juma'a yakan zo gaishe da Inna, in zai tafi in raka shi, a bayan katanga ya zaro mini wani abu daga aljihu. Sukari ne, fari fat, an yanka shi kusurwa huɗu. Mun san zuma, mun san rake da alewa, amma wannan zaƙin daban yake, ba shi da ɓawo ba shi da tuƙa. Yakan ba ni huɗu ko biyar, ya ce in Baba ya gani shi bai san ni ba.

Ƙanwata ta kama ni tun a mako na biyu. Ta tsaya ta riƙe ƙugu, 'yar mitsitsiya da ita, ta ce ko in ba ta ko Baba ya ji. Na ba ta don tsoro, daga baya na riƙa ba ta har da rabona don ina son ganin yadda take lumshe ido. Ita ba ta tauna shi. Takan fasa shi gutsi-gutsi don ya kai ta mako, ta tura gutsure ɗaya can ƙuryar baki, ta danne shi da turmin ƙasa na hagu, wato babban haƙorin nan na ciki da ake tauna da shi, ta bar shi ya narke a hankali. Da shi take wasa, da shi take barci. Haka muka yi fiye da shekara.

Da bazara ta shigo na lura ta koma tauna tuwo da gefe ɗaya. In ta sha ruwan randa sai ta dafe kunci, hawaye ya cika mata ido. Wata rana ta ja ni bayan rumbu ta buɗe mini baki. Turmin ya yi rami baƙi ƙirin, wanda ƙwayar dawa za ta shige ta zauna, ga wani wari da ke fitowa daga ciki.

"Yaya, shina yi min kamar ana soka allura," ta ce. "In hwaɗa ma Inna?"

"In kin hwaɗa ma Inna, Baba ya ji. In Baba ya ji, mi za ki ce ya ci shi?"

Na fara jin tsumagiya a bayana tun ba a ɗaga ta ba. In ɓawon gero ya jawo mini kwana biyu a kife, me sukarin Nasara zai jawo? Gara in faɗi gaskiya tunda na tsufa: ba ciwonta na fara tunawa ba, fatar bayana na tuna.

Na sato kanumfari a cikin kayan yajin Inna na cusa mata a ramin. Ya yi kwana biyu yana aiki, sannan ciwon ya dawo da ƙarfinsa. A nan ne dabarar banza ta zo mini. Ƙanwata tana cikin famfara a lokacin, haƙoranta na yarinta suna faɗuwa sababbi na fitowa. Duk wanda ya fara girgiɗa, Inna kan ɗaura masa zare ta fizge, ƙanwata ta wanke shi ta jefa bisa rufin ɗaki, sannan ta yi ta yawo da hannu a baki don kada ƙadangare ya ga giɓin, tunda an ce in ya gani haƙori ba ya tsirowa. Ba a daɗe ba sai sabo ya leƙo. Sai na ce a raina, ai duk haƙorin yaro canza shi ake yi. In na cire wannan ruɓaɓɓen, sabo zai fito fari tas, Baba bai ma san an yi ba. Ban san cewa turmin nan da ke fitowa yaro yana wajen shekara shida na zama ba ne, daga shi babu wani. Babu wanda ya taɓa gaya mini.

Na fara da zare. Sau uku ina ɗaurawa ina fizga, sau uku yana tsinkewa, na ƙarshe ya yanke mata dasashi. Haƙorin ko motsi bai yi ba. Sai na tuna wani abu da na taɓa gani a maƙera kusa da kasuwa: an kwantar da wani ƙato, maƙeri ya ɗora masa ƙarfe a gindin haƙori, ya buga da guduma sau ɗaya, haƙori ya faɗo. A idona abin ba wuya.

Ranar da Baba ya tafi jana'iza bayan azahar, Inna kuma ta shiga maƙwabta barka, na zare wata tsohuwar ƙusa daga ƙyauren ɗakin shirgi, na ɗauko ɗan dutsen niƙa na Inna. Na kwantar da ƙanwata a bayan rumbu, kanta a kan ƙasa.

"Yaya, da zahi?"

"Bugu guda na. Rintse ido, ki buɗe baki da kyau."

Ta rintse, ta buɗe. Yarda ta yi da ni, wannan ne abin da har yau ke ci mini rai. Na saita ƙusa a gindin haƙorin na buga. Ƙusar ta zame ta shige cikin dasashi. Ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta fara shure-shure, jini ya cika bakin. Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni kuwa tsoro ya riga ya mai da ni dabba, na ga in na bari haka na yi ɓarna biyu. Na haye ƙirjinta na danne hannayenta da gwiwoyina, na matse mata muƙamuƙi, na sake saita ƙusar cikin jinin ba tare da ina ganin komai ba, na ɗaga dutse na buga da duk ƙarfina. Na ji ƙas a cikin hannuna. Ta shaƙe, ta yi tari, ta tofo jini tare da rabin haƙori.

Na ɗaga ta. Rigarta ta ɓaci, amma sai ta rarrafa ta tsinci gutsuren a cikin ƙasa, ta wanke shi a bakin randa, ta je ta jefa bisa rufin ɗakin Inna kamar yadda aka koya mata. Ta rufe baki da hannu ta dube ni, wai ko an gama. Na ce an gama. Na wanke rigar, na tona rami na binne ƙasar da ta sha jini.

Washegari Baba ya ce "Yaƙe!" muka yaƙe. Ya kankara, farce ya fito da tsabta, ya sallame mu.

A rana ta uku kuncinta ya kumbura. A ta huɗu idon hagu ya rufe, kumburin ya gangaro har wuya, jikinta ya yi zafi kamar an sauke tukunya, bakin kuma ba ya buɗuwa fiye da shigar yatsa ɗaya. Da aka tsare ta da tambaya sai ta ce tsakuwa ta tauna a cikin wake. Baba ya juya kan Inna, ya ce wace irin mace ce ba ta iya tsince wake ba, ya ɗauke ta da mari har ta faɗa kan turmin daka. Ranar kaɗai na taɓa ganin hannunsa ya sauka a kanta. Ina tsaye a wurin, gaskiya na cikin bakina, na haɗiye ta.

An yi rubutu an ba ta, an dafa bagaruwa ana ɗura mata tana kurkurawa, babu sauƙi. Kawu ya zo ya ce akwai likitan Nasara a bariki da ke duba sojoji, a bari ya roƙe shi. Baba ya nuna masa ƙofa. A rana ta shida ta daina gane mutane sosai, numfashinta na fita da ƙyar. Inna ta durƙusa a tsakar gida ta ce wa Baba ko ya nemo mai cirewa ko ya nemo mai haƙa kabari. Sai ya aika aka kira maƙeri.

Shi ne dai wanda na gani a kasuwa, tsoho mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk tabon wuta. Ya zo da awartaki da kibiya a cikin jakar fata. Ya sa aka fito da ita tsakar gida wurin haske, ya cusa guntun itace tsakanin haƙoranta ya ɓanɓare bakin, tana nishi. Ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ɗago.

"Allah shi gahwarta Malam, wanga ba aikin tsakuwa ba na. Ƙarhe anka aza anka buga. Ga inda yaz zame nan."

Ƙanwata ta juyo da idonta ɗaya da ya rage ta dube ni, ba don ta tona ni ba, tsoro take ji mini. Ban san lokacin da na fara magana ba. Na faɗi sukari, na faɗi zare, na faɗi ƙusa da dutse. Baba ya miƙa hannu ya ɗauki tsumagiya, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na sallama cewa yau kashe ni zai yi. Maƙerin bai ko dube shi ba, yana jera kayansa a ƙasa ya ce:

"Ramin ga ya hi shekara shina ci. Duk gidan ga ba wanda yat taɓa leƙa bakin ɗiyag ga?"

Hannun Baba ya tsaya a sama. Mutumin da bai taɓa fashin duba haƙori ko na rana ɗaya ba, ga abin da maƙeri ya tambaye shi a gaban matarsa. Ya sauke tsumagiyar a hankali, ya dube ni ya ce, "Kai ka hwara. Zo ka riƙe kanta."

Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Aka kawo garwashi a kasko, maƙeri ya tura kan kibiyar a ciki. Wata maƙwabciya ta ja Inna ɗaki ta tare ƙofa. Baba ya zauna a kan ƙafafun ƙanwata ya riƙe hannayenta, ni na sa kanta tsakanin cinyoyina na matse. Da kibiyar ta yi ja, maƙerin ya laluba ƙarƙashin muƙamuƙinta inda kumburin ya nuna, ya yi bisimilla ya soka. Na ji cuu, hayaƙi ya tashi da ƙaurin nama, mugunya da baƙin jini suka feso har kan fuskata. Jikinta ya sandare ya banƙare, har ta ɗaga Baba daga ƙasa. Inna na dukan ƙyaure daga ciki tana kiran sunan Allah.

Maƙerin bai jira ƙanwata ta huta ba. Ya ce saura saiwa, in an bar ta a ciki aikin banza aka yi. Ya tura awartaki cikin bakin, ya kama, ya murɗa. Ƙarfen ya zame, ya sake kamawa. A cikin wannan kokawa guntun itacen ya fita, ni kuma na kai hannu don in mayar, babban yatsana ya faɗa tsakanin haƙoranta na dama. Ta datse. Na ji haƙori ya huda fata ya ci nama ya tsaya a ƙashi. Na yi ihu ina ƙoƙarin zarewa, maƙerin ya daka mini tsawa:

"Bar shi nan! Ya hi itace riƙo."

Na bar shi. Ya ciro saiwa ta farko, ya jefar a ƙasa, ya koma ya yi ta haƙa har ya ciro ta biyu, duk tana tauna yatsana, jinina da nata suna haɗuwa suna gangara mata a wuya. Da ya gama ta riga ta suma. Sai da aka sa ludayi aka ɓanɓare bakin kafin yatsana ya fita.

A zaure, yana wanke awartaki, ya gaya wa Baba cewa in zazzaɓin ya sauka cikin kwana uku ta tsira. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma wanga ba shi sake tsirowa. Turmin girma na." Ina raɓe a bakin ƙofa da yatsa naɗe a tsumma, na ji da kunnena.

Zazzaɓin ya sauka. Ta tashi da tabo a ƙarƙashin muƙamuƙi, fatar ta tattare ta lotsa, bakinta kuma bai ƙara buɗuwa sosai ta hagu ba. Baba bai taɓa ni ba, bai kuma yi mini magana ba har wata guda. Tsumagiyar ya soke ta a rufin zaure, tana nan har gara ta cinye ta. Da safe ya daina cewa a yaƙe, sai ya ce a buɗe, ya karkata kanmu wajen rana ya leƙa har ƙurya, ya nuna mana yadda ake kai asuwaki can ciki, gaba da baya. Ban ji ya ba Inna haƙuri a kan marin nan ba, kuma na daɗe ina riƙe da shi a zuciya saboda haka.

Ni kuwa na kasa kallon fuskar ƙanwata. In ta shigo ɗaki sai in fita, in an zuba mana tuwo in ci kaina a sunkuye. Amma kowace safiya sai ta tare ni a bayan rumbu, ta buɗe baki iyakar yadda yake buɗuwa, ta ce, "Yaya, ya tsiro?" Dole in kama haɓarta in leƙa. Sai in ce, "Ya kusa." Da watanni suka wuce ta ce ta gano dalili: ranar ƙusa, tana cikin ihu, akwai wani jangwada a kan katanga da ya ga giɓin. Na ce lallai shi ne. Na tara duwatsu na shiga kashe ƙadangaru, ina fasa musu kai a jikin katanga, ina jera mata gawarsu a gindin rumbu. Na kashe abin da ban san iyaka ba, alhali na san babu ruwansu.

Na girma na yi 'ya'ya, na yi jikoki. Ina da zafin rai irin na Baba, ba zan ɓoye ba, na kuma doki yara a kan abubuwa da yawa, amma ban taɓa dukan yaro a kan haƙori ba. Nakan zaunar da su in leƙa har turame, in sa su kurkure baki in sun sha zaƙi, in ce duk wanda ya ji tsami ko zafi ya zo ya gaya mini a ranar, ko me ya ci, ko a ina ya samo.

Ganina na ƙarshe da ƙanwata a Tudun Wada ne, a gidan ɗanta da ke aiki a kamfanin siminti na Kalambaina. Ta tsufa, ciwo ya kwantar da ita, amma haƙoranta na nan cif, ban da wancan ɗaya. Ta kama hannuna tana shafa tabon yatsan, sannan ta buɗe baki a karkace ta ce, "Yaya, ya tsiro?"

Muka yi dariya, jikoki na kallonmu ba su gane ba. Na buɗe baki zan ce ya kusa, sai na ji ba zan iya kai wannan ƙarya kabari ba.

"Ba shi tsirowa," na ce. "Maƙeri ya hwaɗi tun ran nan, na ji shi. Kuma ba ƙadangare na ba. Ni na."

"Na sani," ta ce. "Tun damanar waccan shekara Inna ta gaya min."

"To don mi kika ta tambaya ta, shekara da shekaru?"

"In ban tambaye ka ba, ba ka duban huskata."

Na kama haɓarta kamar dā, wannan karon ban leƙa bakin ba, fuskar na duba, da tabon da komai, har aka kira la'asar.